Cokulan da Bature ya bar wa kakanmu, da gaske na gidan Lod ne?

"Assalamu alaikum Malam. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin kuku wajen wani Bature a Zariya zamanin mulkin mallaka, da Baturen zai koma gida sai ya bar masa butar shayi ɗaya da manyan cokula shida. Tun muna yara ake cewa a gidanmu wai Baturen nan jikan wani Lod ne kuma kayan daga gidan sarautarsu suka fito. A bayan kowane cokali akwai 'yan hatimai biyar ƙanana: zaki yana tafiya, wata fuska kamar ta kyanwa, wani harafi mai lanƙwashe-lanƙwashe da na kasa karantawa, kan mace, sai GA. A ƙarshen mariƙin kuma an zana kan barewa mai ƙaho a kan wani abu kamar igiya. Ita butar EPNS A1 aka rubuta a gindinta. Wani maƙeri ya ce zai saya a kan sikeli. Dan Allah da gaske kayan gidan Lod ne, kuma in sayar ko in ajiye?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Kafin komai dan Allah kar ka kai cokulan nan wajen maƙeri tukuna, domin in suka shiga wuta an gama, babu mai iya dawo maka da hatiman nan biyar, kuma su ne shaidar da ke hannunka yanzu. Na yi shekaru ina aikin duba irin waɗannan kaya a wani gidan gwanjo a Ingila, aikina shi ne in ɗauki cokali ko faranti in kara gilashin ƙara girma a ido in rubuta wanda ya ƙera, a wane gari, wace shekara, da gidan da ya fito in akwai hujja, kuma wallahi tambayarka ita ce su Turawan kansu ke zuwa mana da ita kusan kowane mako, kowa kakarsa ta gaya masa kayansu na wani Lod ne. In na fahimce ka abu biyu ka haɗa wuri ɗaya, ko kayan azurfar gaske ne, da kuma ko labarin gidan sarautar ya tabbata. Na farkon amsarsa a fili take, na biyun ne sai mun bi a hankali.

Abin da hatiman ke faɗa

Ingila ta daɗe tana sa ido a kan maƙeran azurfa. Tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi doka cewa duk kayan azurfa sai ya kai wani ma'auni, wato a cikin kashi 1000 kashi 925 ya zama zallar azurfa, sauran galibi jan ƙarfe ne da ake sirkawa saboda tsantsar azurfa ta yi laushi ba za ta jure aiki ba, kuma in an gwada an ga ya kai sai a buga masa kan damisa. To fuskar nan da ka ce kamar ta kyanwa ita ce damisar, kuma daga baya ta zama alamar birnin Landan. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya sa nasa hatimin domin in an kama algus a san wanda za a tuhuma, a 1478 aka fara sa harafin shekara, zaki mai tafiya kuma ya shigo a 1544 a matsayin shaidar cewa azurfar ta kai 925 ɗin nan. Sauran garuruwa suna da nasu, Birmingham anka ce irin ta jirgin ruwa, Sheffield kambi ne a da, dukkansu a 1773 aka buɗe musu ofishin gwaji, Edinburgh kuma ganuwa mai hasumiya uku.

Yanzu mu karanta naka. Damisar Landan da kambi a kanta ake buga ta har zuwa 1821, daga nan aka cire kambin shi ya sa ta koma kamar kyanwa a idonka. Kan macen nan kuma shaidar biyan haraji ce, daga 1784 zuwa 1890 duk azurfar da aka biya wa haraji sai a buga mata kan mai mulkin lokacin, kuma mace ɗaya ce tal a tsakanin nan, Sarauniya Victoria, ita hagu take kallo. GA kuwa a cokalin Landan na zamanin Victoria kusan kullum George Adams ne na kamfanin Chawner, ya yi rajistar hatiminsa a 1840 ya ci gaba har farkon shekarun 1880. Ka ga ko ban taɓa cokulan ba mun riga mun matse su cikin shekara arba'in da 'yan kai. Harafin da ya gagare ka shi zai ba mu shekarar daidai, a wancan zamani Landan haruffa ashirin take juyawa daga A zuwa U ba J a ciki, in sun ƙare sai a sake salon rubutu a fara daga farko, daga 1836 zuwa 1855 manyan haruffa ne na tsohon rubutun Turawa mai ƙayoyi, daga 1856 zuwa 1875 ƙananansu ne, daga 1876 aka koma manyan haruffa na yau da kullum. Tunda ka ce naka mai lanƙwashe-lanƙwashe ne ina kyautata zaton kafin 1876 aka yi su.

Saboda haka in bayaninka daidai ne cokulanka azurfa ce ta gaske, ta Landan, kuma sun kai shekara 150 ko fiye. Sai dai in gaya maka gaskiya kar ranka ya tafi nesa, kamfanin Chawner cokali da cokali mai yatsu ne sana'arsu kuma sun ƙera su da yawan gaske suna ba manyan kantuna suna sayarwa, babu watan da GA bai biyo ta teburina ba. Aiki ne mai kyau mai nauyi a hannu, amma ruwan dare ne.

Butar kuma labarinta daban. EPNS na nufin farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki, aka yi masa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840, kuma A1 ɗin nan babu wata hukuma da ta gwada ta ba da shi, kamfani ne da kansa yake cewa ruwan da ya yi mai kauri ne. Duba bakin butar da wajen da hannu ke yawan taɓawa, in ka ga wuri ya ɗan yi rawaya-rawaya to ƙarfen ciki ne ya leƙo. Maƙeri ba zai samu azurfar kirki a jikinta ba ko ya narka. Kuma wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, jami'in da ke yawon rangadi da kaya a kan 'yan dako irin wannan butar zai ɗauko wadda ko ta lotsa ba asara. Da yawa daga kayan Turawa da ke gidajenmu a Arewa irinta ne, wasu ma tambarin da ke jikinsu na kamfanin jiragen ruwa ne irin Elder Dempster da suka yi zirga-zirga a da tsakanin Liverpool da Legas, ko na kulob, ko bishiyar kwakwar manja ta rundunar sojan Afirka ta Yamma, mutane su ɗauka tambarin sarauta ne.

Kan barewar nan

A nan gizo ke saƙa. Hatiman baya hukuma ce ta buga su bayan gwaji, shi kuwa zanen da ke mariƙi duk wanda ya sayi cokali yana iya kai wa mai zane ya biya a yi masa, ranar da ya saya ko bayan shekara hamsin, babu mai tambayarsa takarda. Wannan bambancin shi ne gaba ɗayan maganar.

Cikakken tambarin gida a wajensu garkuwa ce mai zane a ciki, a samanta kwalkwali, a kan kwalkwalin wani murɗaɗɗen ƙyalle kamar ƙaramin rawani, shi ne abin da ka gani kamar igiya, sai dabba ko hannu ko tsuntsu a can ƙoli, wani lokaci da ɗan kirarin gidan da Latin ko Faransanci. Cokali ba shi da fili shi ya sa ake ɗaukar na ƙolin kaɗai a sa. Matsalar ita ce garkuwa tana iya nuna maka mutum ɗaya tak, amma na ƙolin gidaje da yawa ne ke tarayya a kansa, akwai wani kundi na Fairbairn da ya fara fitowa a 1859 wanda muke buɗewa kullum, in ka nemo kan barewa za ka tarar da jerin sunayen gidaje barkatai a ƙarƙashin hoto ɗaya, sai an duba ko wuyan yankakke ne sumul ko mai yage-yage, ko tana kallon gefe ko tana kallonka, ko akwai wani abu a bakinta ko a wuyanta, kafin jerin ya ragu. Ƙari a kan haka a zamanin Victoria duk lauya ko likita ko ɗan kasuwar da ya yi kuɗi yana son tambari a cokalinsa, akwai shaguna da za ka faɗa musu sunan gidanku su buɗe littafi su zaɓo maka na wasu masu irin sunan, gwamnati ma haraji kawai take karɓa a kan amfani da tambari tun 1798 har shekarun 1940 ba ruwanta da ko ka gada. Hukumar da ke da ikon bayar da tambari da gaske a Ingila ita ce College of Arms da ke Landan tun 1484.

Shi Lod mai riƙe da sarauta da kansa yawanci za ka ga ƙaramin kambi a saman zanen, kuma kambin na faɗin matsayinsa, ga matakan sarautar tasu daga babba zuwa ƙarami: na Duke ganyaye ne zalla, na Marquess ganye da ƙwallo a jere, na Earl ƙwallaye biyar a kan dogayen tsinaye, na Viscount ƙwallaye da yawa manne da juna, na Baron huɗu ake gani. Ba ka ambaci kambi ba, ke nan ba a zana cokulan nan domin mai sarautar ba. Amma ka lura wannan bai kashe labarin gidanku ba, domin a al'adarsu babban ɗa ne ke gadon sarauta da gida da gonaki da manyan kayan azurfa, ƙannensa su fita neman na kansu a soja ko coci ko aikin mulkin mallaka, kuma su da 'ya'yansu suna da damar sa tambarin gida ba kambi. Jikan Lod ta wajen ƙaramin ɗa wanda ya zo Zariya da cokula shida da ya gada wajen mahaifinsa, wannan abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Haka kuma mai yiwuwa ne ɗan wani limamin coci ne da ya sayi cokulan na hannu a Landan kafin ya hau jirgi. Barewar ita kaɗai ba za ta raba mana gardamar ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana wani babban faranti mai ƙafa uku, hatimansa lafiya lau na ƙarni na 18, a tsakiya ga garkuwa da kambin Earl an zana raɗau, mai shi har ya gama lissafin kuɗinsa. Da na ɗora babban yatsa a kan zanen na danna sai na ji wurin yana ɗan lotsawa alhali gefe da gefe daram yake, na hura masa iskar baki kamar mai goge tabarau, a cikin ɗan hazon nan kafin ya washe sai ga inuwar wani tsohon zanen a ƙarƙashi. An kankare tambarin masu shi na asali ne aka zana na Earl a kai don a ƙara masa kuɗi. Kuma ko ba wannan ba, tsohon zane in ka shafa shi ba ya kama yatsa, shekaru sun cinye kaifinsa, sabo kuwa kaifi gare shi yana walƙiya daga cikin tsagar. Ka gwada haka a naka, ka ga ko barewar ta tsufa tare da cokalin.

Yadda salsala ta gaske take

Ni kullum da isnadi nake kwatanta wa mutanenmu abin nan, wane ya karɓa daga wane har a kai ga tushe, in an samu giɓi a tsakiya to labarin ya raunana komai daɗinsa. Misali mafi kyau da na sani shi ne gidan Dunham Massey kusa da Manchester. Mai gidan, George Booth, Earl na biyu na Warrington wanda ya rasu a 1758, ya tara azurfa mai yawa, akasari aikin maƙeran nan 'yan gudun hijira daga Faransa da suka tsero bayan 1685 saboda rikicin addini, kuma a 1750 ya zauna da hannunsa ya rubuta kowane abu da nauyinsa. Magada sun sayar da kaso mai yawa a gidan gwanjo na Christie's a 1921, amma saboda wannan rubutun in wani faranti ya ɓullo yau a Amurka ana iya juya shi a duba nauyin da aka ƙarta a gindinsa a gwada da na kundin a ce lallai shi ne, kuma ta haka National Trust, ƙungiyar kula da gidajen tarihi da ke riƙe da gidan tun 1976, ta yi ta sayo wasu tana mayarwa. Wannan ƙartaccen nauyi za ka gan shi kamar 24=13, ma'ana oza 24 da ɗigo 13 cikin ashirin na oza, ozar azurfa kuma giram 31.1 ce. Akwai kuma littattafan ciniki na shagon George Wickes wanda ya rikiɗe ya zama Garrard, suna ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert, da sunan mai saye da ranar da abin da ya biya. In garkuwa a rabe take biyu, hagunka na miji damanka na gidan matarsa, sai a nemo shekarar aurensu a gwada da harafin shekara, in suka yi daidai hujja ta ƙara ƙarfi.

Kuma fitar kayan manyan gidaje zuwa kasuwa ba baƙon abu ba ne. Bashi ya sa aka yi gwanjon gidan Stowe a 1848 har kwana arba'in ana yi, dokar 1882 ta sauƙaƙa sayar da kayan gado da a da aka ɗaure, harajin gado ya zo a 1894 ya yi ta hawa har ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi a 1949, ga gwanjon gidan Mentmore a 1977, sannan a 1980 da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowace oza an narka tsofaffin kaya masu yawa da har yau abin ke yi wa masu wannan sana'a ciwo. Saboda haka cokali mai kambin Duke na gaske ma yana iya faɗawa hannun kowa, samunsa a hannun mutum bai nuna jininsu ba ne.

Abin da za ka iya yi daga inda kake

Isnadinka daga ƙasa zai fara, kuma zoben farko yana gidanku. Sunan Baturen nan ake nema. Matsalar da nake yawan cin karo da ita ita ce mutanenmu da laƙabi suka san su, kamar yadda aka san Hanns Vischer da Ɗan Hausa a Kano, to ko laƙabin ne ka samo, da aikinsa, Razdan ne ko Di'o ko na jirgin ƙasa ko likita ko malamin makaranta, da kusan shekarar da ya tafi. In kaka ya bar takardar shaidar aiki irin wadda Turawa ke rubuta wa kuku da boyi in za su tafi, to ka samu zinariya, domin da sa hannu a jiki. Da suna a hannu ana iya duba jerin ma'aikatan gwamnatin Nijeriya na wancan zamani da fayilolin lardin Zazzau a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House, daga nan a koma kundin Burke na zuriyar masu sarauta a ga ko yana ciki, a ga ko tambarin gidansu kan barewa ne. In sunan da barewar suka haɗu, ga kuma shekarar cokulan ta dace da zamanin mahaifinsa ko kakansa, ni kaina zan rubuta cewa kusan tabbas na gidan ne. Wasiyyoyin Ingila daga 1858 ma ana nemansu ta intanet a biya kuɗi kaɗan, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta wa wane na bar cokulana masu tambari.

Maganar sayarwa kuwa, ba zan yanka maka farashi ba ban riƙe kayan ba, hoto ma ba ya nuna gyara ko bakin cokalin da ya cinye. Abin da zan ce shi ne cokulan Victoria na yau da kullum ba sa nisa sosai da kuɗin nauyinsu, sai dai shida masu harafin shekara ɗaya da maƙeri ɗaya da tambari ɗaya sun fi warwatattsu daraja, kuma salsalar gidan sarauta a manyan kaya na fitattun maƙera irin Paul de Lamerie ko Paul Storr take ninka kuɗi, a cokali ɗan ƙari ne kawai. Ka auna su a sikelin masu zinariya, irin wannan babban cokali yakan kai giram 70 ko kusa, ka ninka jimlar da 0.925 sannan da farashin giram na ranar, duk abin da maƙeri ya taya ƙasa da haka sosai ka san an kwantar maka. Ni dai da nawa ne ba zan sayar ba, kuɗin ba zai canza maka rayuwa ba kuma guminsa ne kakanku ya bari. In akwai sauran magada a yi shawara da su tunda kayan gado ne, sannan hadisin hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa yana cikin Bukhari da Muslim, hukuncin ajiye su da maganar zakka kuma ka kai wa malaminka, wannan ba fagena ba ne.

Kafin nan dan Allah a raba su da toka da yashi da soson ƙarfe, na ga cokulan da aka goge da toka shekara da shekaru har zakin ya koma kamar tabo. Baƙin da suke yi ba lalacewa ba ne, ruwan ɗumi da sabulu da tsumman auduga mai laushi sun isa, a shanya su sarai a naɗe a ƙyalle, kar a ɗaure da roba kar a bar gishiri ko ƙwai a jikinsu, kuma kar ka yarda wani ya goga musu fayil ko ya ɗiga asid wai gwaji, hatimin ya riga ya yi wannan aikin. Ka ɗauko min hoton hatiman cokulan shida ɗaya bayan ɗaya da na barewar, da rana kusa da taga ba da fitilar waya ba, ka ɗan karkata cokalin yadda inuwa za ta faɗa cikin harafin, in sha Allahu zan faɗa maka shekarar. In kuma akwai wata gwaggo ko wani baffa da ya taso a gidan lokacin kaka na aikin, ka je wajensu a wannan makon da waya a hannu ka naɗi duk abin da suka tuna game da Baturen.